Tallahin horon masu haƙar zinariya da ke yawo a WhatsApp, gaskiya ne ko ƴan damfara ne?

Lawali_Bagalam:

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Don Allah wanda ya san kan zancen ga shi taimake ni. Shekaranjiya wani abokina ya turo mini saƙo wai gwamnati ta ware kuɗɗi don a koya ma masu haƙar ma'adinai yadda za su kare kansu cikin rame, wai duk ƙungiyar da ta aje dosiye ana ba ta dala 50,000 ko hiye, dalar Amurka hwa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Sunan abin Brookwood-Sago, haka anka rubuta. To can ƙasa sai ga wata lamba wai a tura jikka 15 kuɗin buɗe dosiye kahin wata shi ƙare.

Mu nan muna da ƴar ƙungiya, mun kai mu 40 da ɗoriya, duka masu zuwa zinariya ne, wasu Jado wasu Cibarakatan, in rani ya yi a hau arewa in damana ta hwaɗi a dawo gona. Bayan ramen zinariya ya zabtaro bisa mutane a Garin Liman, wajen Dan Isa, a 2021 munka haɗa ta, don akwai yaron unguwarmu da ya rasu ciki, tare munka yi lakwal da shi. Kowace Juma'a muna zuba dala ɗari-ɗari don in wani ya samu hatsari a kai shi asibiti ko a kai ma iyalinshi gaisuwa. Yanzu shugabanmu ya matsa wai a ɗebi jikka 15 a tura kar damar ta wuce mu, ni kuwa ni ke riƙe da kes, in kuɗɗin mutane sunka salwanta ni za a kama. Gwamnatin wace ƙasa ce ke badawa? Kuma in ba wannan ba, akwai ƙohwar da ake bugawa nan Nijar a samu irin wanga horo?

Mushe_Ilya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko, rufe kes ɗinka ka sa makulli aljihu, ko tamma kar ka tura. Sunan da suka sa na gaskiya ne, shi ya sa tarkon ke kama mutane, amma kuɗin ba namu ba ne. Brookwood-Sago tallafi ne na gwamnatin Amurka, hukumar da ke kula da lafiyar masu aikin ma'adinai a can, MSHA, ita ke raba shi, kuma jihohinsu da ƙungiyoyinsu da makarantunsu na can ne ke nema don su horar da ma'aikatan ramukan Amurka. Ko su ɗin ma ba a karɓar musu kuɗin buɗe dosiye, balle a ce a tura ta lambar wani.

Sunan kansa ma na wuraren makoki ne. Brookwood gari ne a jihar Alabama inda ramin gawayi ya fashe a Satumba 2001 mutum 13 suka mutu, Sago kuma a Bajiniya ta Yamma, Janairu 2006, mutum 12. Bayan Sago ne majalisarsu ta yi doka a 2006 ta sa wannan tallafin ciki. Abin da na fi so ka riƙe shi ne na Brookwood ɗin, fashewar farko ba ita ta kashe mutanen ba, ta ji wa wasu ciwo ne, sai ƴan uwansu suka ruga ceto sai ta biyu ta tashi da su. Na Sago kuwa galibinsu hayaƙi mai guba ne ya kashe su suna zaune suna jiran a zo, kusan kwana 2, mutum guda tak aka fiddo da rai cikin waɗanda suka maƙale.

Kuma tallafin ƙarami ne in ka auna da arzikin Amurka, abin da ke riƙe da su doka ce. Tun dokar 1977, sabon ma'aikaci da zai yi aikin ƙarƙashin ƙasa horon awa 40 ke kansa, na sarari awa 24, sannan kowace shekara a maimaita masa awa 8, kuma lokacin horon ana biyansa albashi kamar yana aiki, mai ramin ke ɗaukar nauyi. Mu nan yaro ya sauka daga mota yau da hantsi, la'asar an ɗaura masa igiya a ƙugu.

Na_Mokoyo:

Hahaha jikka 15. Lawali ka ce ma shugabanku in kuɗɗin sun yi mishi yawa shi kawo nan mu sha shayi. Amma ni Mushe ko da kuɗɗin sun zo Nijar na san inda za su ƙare. Na taɓa shiga wata formasiyo ta wani proje, kwana ukku cikin otel da kilima, an ce ta masu haƙar zinariya ce, wallahi cikin mu talatin waɗanda sunka taɓa shiga rame ba mu wuce biyar ba, sauran ɗan wane ne da ƙanen wane sun zo amsar perdiyam. Wanda ke koyarwa da Faransanci yake zuba yana haska hotunan ramukan Turawa masu jirgin ƙasa ciki, mai hwassara kuma shi kanshi bai san mi ake ce ma rabin abubuwan da Hausa ba. Ran ƙarshe anka raba muna kaski da ƴar riga mai walƙiya da atestasiyo anka ɗauki hoto. Kaskin nan kahin sati na gan shi kasuwa, nawa ma kaji ke shan ruwa ciki yanzu.

Tsohon_Komabangu:

Ɗana Lawali, Allah shi jiƙan abokinka da sauran waɗanda ƙasa ta ruhe. Jikana ke rubuta mini ina hwaɗi. Ni na yi Komabangu tun ina da baƙin gashi, na yi Jado sa'adda anka gano ta 2014 har anka kore mu 2017, yanzu ƙirji ya hana, in na hau tudu sai na tsaya sau ukku. Na_Mokoyo ya yi dariyar kaski, kuma da gaskiyarshi rabi, don kaski na tare ɗan dutsen da ya suɓuce daga guga amma in gehen rame ya zabtaro ko na ƙarhe ka sa ba abin da za shi yi maka.

Abin da ke kashe mutane ba boyayye ba ne. Na ɗaya kwaɗai. Ana gina rijiyoyi kusa da kusa, can ƙasa kowa ya bi jijiyar zinariya ta gehe har a haɗe, sai a bar ginshiƙi tsakani shi ke riƙe da sama, to ginshiƙin nan shi ma akwai zinariya cikinshi, in dare ya yi sai wani ya sa guduma ya riƙa ɓantara kaɗan-kaɗan, gobe wani ya ƙara, ran da za ta zauna ba ta sallama. Ƙasarmu ta kudu kuma ba irin dutsen arewa ba ce, in ta sha ruwan damana tana nan da laushi ko sama ta bushe, ku duba Garin Liman ran 7 ga Nuwamba ne, ba a daɗe da ɗauke ruwa ba, mutum 18 anka hwara ƙirgawa ranar. Kuma dubun mutane na tsaye bisa bakin ramukan da buhunnan ƙasa jibge, duka nauyi ne bisa kan na ciki.

Na biyu iska. Kar ku yarda a sauka da gurub ko injin jan ruwa cikin rame, ko a aje shi bakin rame hayaƙin na komawa ciki. Mu da muna sauke hitila ko kyandir da igiya kahin mutum shi shiga, in wuta ta mutu ba mai shiga. Amma ku sani wannan dabara iskan numhwashi kawai take gwadawa, hayaƙin inji wuta na ci lahiya lau shina kashe mutum, ba wari ba launi, sai ciwon kai da kasala mutum ya ce bari in ɗan zauna, shi ke nan. Na ga haka da idona, yaro ya yi shiru ƙasa, wanshi ya hwaɗa ba igiya, shi ma shiru, na ukku sai da munka danne shi mu huɗu shina kuka shina cizonmu. Da anka hura iska da tiyo anka sauka da igiya gawa biyu munka hiddo. Abin da Mushe ya ce na Amurka bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, zuciyar ɗan Adam guda ce.

Na ukku mai riƙon igiya. Ana ba ƙaramin yaro ko wanda ya sha ƙwaya don wai aikin banza ne, alhali ran na ciki na hannunshi. Mu muna da alama, ja ɗaya a saki, biyu a jawo guga, ukku a hiddo ni yanzu-yanzu ba tambaya. Wannan ba ya son dala 50,000.

Maman_Nana:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ƙara lafiya. Ƙirjin nan da kuke faɗi don Allah ku je a yi muku hoto a duba majina, ƙurar dutse tana cin huhu sannu a hankali kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, maganin tarin fuka kuwa kyauta ne a asibitin gwamnati. Ni malamar asibiti ce, abin da zan ƙara shi ne duk maganarku ta maza ce cikin rami, an manta da gida. Ana kawo dutse gida mata su daka a turmi, wani lokaci turmin da ake dakan hatsi, yara na rarrafe cikin ƙurar. Nan kusa da mu Zamfara a 2010 haka aka yi, dutsen akwai dalma ciki, yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka zo aka riƙa kankare ƙasar gidaje ana fitarwa. Sai zaiba da kuke ƙonawa don zinariya ta fito, wasu a cokali cikin ɗaki bisa gawayin shayi, tururin nan ne gubar, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, hannu ya riƙa rawa, mai ciki kuma ya kai ga ɗan da ke cikinta. Akwai ɗan bututun ƙarfe da maƙeri ma zai iya haɗawa, a ƙona a rufe tururin ya huce ya koma zaiba a sake aiki da ita, riba biyu ke nan. In za ku yi horo ku kira matanku su zauna, kar ku ce su kawo ruwa kawai su koma.

Lawali_Bagalam:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na kira lambar don in ji, na ce mishi ina biro ɗinku yake in kawo kuɗɗin da hannuna, sai ya ce wai biro na Yamai ana gyara, na ce ina da wa a Yamai shi kawo, sai ya kashe waya har yanzu ba ta shiga. Na gwada ma shugaba duk abin da kunka rubuta, ya yi shiru dai. To Mushe saura tambayata ta biyu, nan gida wa za mu nuhwa?

Mushe_Ilya:

Kafin komai ƙungiyarku ta samu takardar amincewa, da sunan shugabanni da dokokinta a rubuce, ba proje ko ofishin da zai saurari ƙungiyar da ke cikin aljihun mutum guda. Daga nan ku rubuta buƙata gajera ku kai ofishin ma'adinai na jiha da mairi, ku faɗi ku nawa ne, ina kuke zuwa, me kuke son koya. Akwai FAFPA, asusun da aka kafa don tallafa wa horon sana'a, ku kai musu kwafi. Masu ilimin ma muna da su, makarantun ma'adinai na EMIG a Yamai da EMAIR a Agadas shekara da shekaru suna yaye ma'aikatan Arlit da na gawayin SONICHAR, ilimin yana nan bai dai gangaro bakin ramin talaka ba ne. Amma kar ku zauna jiran amsar takarda. Kurwa Ruj da ƴan kwana-kwana suna koyar da agajin farko, yadda ake tsayar da jini, yadda ake ɗaukar wanda bayansa ya karye ba a naɗe shi kamar tabarma a aza bisa kabu-kabu ba, wannan kuna iya nema da kuɗin kes ɗinku. Kuma ku nace a yi da Hausa, a fili, da igiya da guga na gaske.

Na_Mokoyo:

Ni dai tsorona kar ku je ku rubuta sunayenku da wuraren da kuke haƙa gobe a zo da jandarma a ruhe. Dan Isa ma ai ruhewa anka yi, mutane sunka watse wasu wurare, ramukan can sun hi na nan zurhi.

Tsohon_Komabangu:

Ruhewa ba ta hana mai yunwa gina, wannan kowa ya sani. Ɗana Lawali Juma'ar ga ina kuke taruwa? In bayan la'asar ne jikana shi kawo ni bisa moto. Ku nemo igiya sabuwa gaba ashirin da wata tsohuwa wadda kuke aiki da ita yanzu, ina so in warware ta gabanku ku ga cikinta, ku samo kuma rijiyar lambu wadda ba ta da zurhi mu gwada ɗaurin ƙugu. Jikka 15 ɗin nan ta isa igiyar har da goron tsoho.

Lawali_Bagalam:

Ƙohwar gidan shugaba muke zama Baba, zan turo ma jikanka kwatance ta saƙo. Maman Nana ke ma in kina da hili ki zo don Allah, zan sa a hwaɗa ma matan. Goro hwari ko ja Baba?