Dare huɗu, bakwai ko goma: nawa ya kamata mu yi a Zanzibar?

Baban Khadija, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar ko wani tsibiri irinsa. Ni shinkafa nake saye a ƙauyuka ina kai wa masu injin casa. Uwargida ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa fita da ita ko'ina ba in ban da Sakkwato da Kano, su ma gidan 'yan uwa. Bana Allah ya hore, na yi niyyar in kai ta ta huta. Ita ta zaɓi Zanzibar, don ta ji garin musulmi ne, ba za mu sha wahalar abinci da wurin salla ba.

Ejan tafiye-tafiye ya kawo mana tsari uku, duk a otal ɗaya da ke bakin teku a Nungwi: dare huɗu, dare bakwai, ko dare goma. Ita goma take so. Hujjarta, kuɗin jirgi ba ya raguwa ko da kwana ɗaya za ka yi, to don me za a biya wannan uban kuɗi a je a leƙa a dawo? Ni kuwa huɗu nake gani, don ban san abin da mutum zai yi ta yi a bakin ruwa har kwana goma ba. Ga yara uku da za mu bari wurin Hajiyata a Jega, autan bai cika shekara uku ba. Hutun da aka ba ta mako biyu ne, kuma Afrilu muke tunani. Don Allah a ba ni shawara, maganar ta fara zama gardama a gida.

Ɗan Argungu:
Alhaji, kawo ta kogin Matan Fada na nan Argungu mana, ruwa ai ruwa ne. Ga kihi, ga iska, ba biza ba hwasfo, da la'asar kun koma gida.

Maman Sadiƙ, Gusau:
Wa'alaikumus salam. Baban Khadija, kafin ku ci gaba da gardama ku ɗauki biro ku yi lissafin hanya, shi zai raba ku. Daga Birnin Kebbi ba a tashi kai tsaye. Ko dai ku bi mota zuwa Kano ta Gusau da Funtuwa, wanda wuni ne guda da gajiyarsa, ko ku hau jirgi zuwa Abuja. Ta kowace hanya, mai hankali kwana yake yi a garin da zai tashi. Washegari jirgin Habasha ya kai ku Addis Ababa, ku sauka ku jira wani, sannan Zanzibar. Mu tsakar dare muka sauka. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. Daga filin jirgi zuwa Nungwi kuma wajen awa ɗaya da rabi ne a mota, don can ƙarshen arewacin tsibirin yake.

To ka ga dare huɗun nan naka, na farko a hanya zai tafi ko a barcin gajiya. Ranar fita kuma tun da hantsi ake so ka bar musu ɗaki. Abin da zai rage muku bai wuce wuni biyu da rabi ba, bayan kun kashe kwana biyu zuwa, ga biyu na dawowa suna jiran ku. Wannan ba hutu ba ne, wahala ce ka saya da kuɗinka.

Amma goman uwargidanka ma ga inda ta gaza: goma da huɗun hanya sha huɗu ke nan cif. Ranar da kuka shigo gida da dare, washegari tana bakin aiki, ba ta ɗauko yara daga Jega ba, ba ta yi wanki ba. A ganina ku yi dare shida, kuma kada ku yi su duka a wuri ɗaya. Biyu a cikin tsohon birni, wanda Turawa ke kira Stone Town, su kuma 'yan ƙasa Mji Mkongwe, huɗu a bakin teku. Ku fara da birnin, don yana kusa da filin jirgi, ba za ku shiga doguwar hanya da tsakar dare ba.

Injiniya, Zuru:
Na yarda da lissafin Maman Sadiƙ, amma akwai abin da ya riga yawan kwana. Mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa bizar Tanzaniya a filin jirgi. Tamu irin wadda sai an tura takardu hukumar shige da ficensu ta duba ta amince ce, shi ya sa ake so a nema da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya. Kada ka biya otal ko tikitin da ba a mayar da kuɗi sai biza ta fito. Za a nemi katin rigakafin cutar shawara, kuma tun watan Oktoba na 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata ta kanta, dala 44 ga babban mutum. Ka tambayi ejan ko ya sa ta cikin kuɗin da ya faɗa maka.

Sai batun Afrilu. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ruwa ne irin wanda yake iya wuni yana zuba. Otal na arha a lokacin, wataƙila shi ya sa farashin ya yi maka daɗi. Daga Yuni zuwa Oktoba babu ruwa sosai kuma da sanyin iska, Janairu da Fabrairu kuma rana ce da zafi. Idan dole sai Afrilun, to a nan ne yawan kwana zai yi amfani, don cikin dare huɗu kana iya rasa wuni ɗaya mai rana.

Baban Khadija:
Ikon Allah. Injiniya, ejan bai ce mini komai kan damina ba, biza kuma ce mini ya yi ba matsala. Gobe zan koma wurinsa. Uwargida tana iya neman a ɗaga mata hutun zuwa Yuli, ni ma lokacin kasuwar shinkafar rani ta lafa.

Hajiya Babba, Yawuri:
Ku maza kullum tambayarku ita ce "me za a yi a can". To ba abin da za a yi, kuma shi ne abin da matar ga take nema. Mace tana aikin dare a asibiti, ta dawo ta ɗora tukunya, ta shirya yara makaranta, ga baƙinka na kasuwa da ba su yankewa. Ita ba yawon kallo take so ba, so take ta kwanta ta tashi ba wanda ya kira sunanta. Na haifi takwas, na san abin da nake faɗi. Kwana biyun farko ma jiki bai yarda an huta ba, sai ka ga mutum ya farka da asuba yana neman abin yi. Sai a na uku barcin gaske ke zuwa. In ka ɗauko ta a na huɗu, daidai lokacin da hutun ya fara kama jikinta ka katse shi.

Amma ɗiyata, in kina karantawa, goma ta yi yawa ga mai yaro ɗan shekara biyu da wani abu. Ke da kanki a kwana na shida za ki fara kiran Jega sau biyar a wuni, kina kuka shi yana kuka. Kuma ki tuna da tsohuwar da za a bar wa yara uku. Bakwai dai, kuma a bar ta ta zauna wuri ɗaya, ban ga amfanin ɗaure kaya a tsakiyar hutu ba.

Maman Sadiƙ:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce kan barci. Abin da ya sa na ce a raba, otal ɗin bakin teku duniyar Turawa ce. Mata da kayan wanka a gabanka tun safe har yamma, kiɗa da dare, gefe ana shan giya. Ba wanda zai takura muku, ma'aikatan ma yawanci musulmi ne, amma matar da ta saba da hijabinta bayan 'yan kwanaki sai ta ga ɗaki ya fi mata. A cikin birni kuwa kiran salla za ki ji ta ko'ina, mata da lulluɓinsu, lunguna ƙanana da ƙofofin katako masu sassaƙa, da yamma a fita lambun Forodhani a ci gasasshen kifi a sha ruwan rake. Garin da ta ce tana so don na musulmi ne, a can yake.

Alhaji Na-Kamba:
Ni ta fuskar aljihu zan yi magana, tunda ɗan kasuwa ne ɗan uwana. Uwargidanka ta yi gaskiya cewa kuɗin jirgi ɗaya ne, amma kowane dare da ka ƙara yana zuwa da 'ya'yansa: abinci, motar haya, ɗan abin da ake ba ma'aikata, da harajin da ake karɓa a otal kan kowane mutum kowane dare. Tsibiri ne, mota tsada gare ta, kuma daga Nungwi duk abin da za ka je gani yana da nisa. Dajin Jozani mai jajayen birai yana kudu. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, daga gaɓar tsohon birni ake shiga kwalekwale. Gonakin kanumfari da kirfa da masoro su ma sun fi kusa da birni. Wanda ya tare a Nungwi yana fita kullum, rabin kuɗinsa a titi zai ƙare. Saboda haka ina bayan Maman Sadiƙ: a gama yawo daga birni, a koma bakin teku a miƙe ƙafa.

Sannan ka duba wane irin tsarin abinci ejan ya sa maka. Akwai wanda ake haɗa komai, abinci sau uku da abin sha ba iyaka. Yawancin tsadarsa ta giya ce, kai kuwa ba sha za ka yi ba, ka ga kana biya wa wasu ke nan. Karɓi na karin kumallo da abincin dare kawai, da rana ku fita ku ci shinkafar filau a cikin gari. Bambancin kuɗin yana iya biya muku dare guda. Kuma tunda shinkafa sana'arka ce, za ka so ka ɗanɗana tasu.

Malam Liman:
Allah ya sa a je lafiya. Tunatarwa kaɗan, tunda ana lissafin kwanaki. A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyi in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, hukuncin ƙasaru ya yanke, sai ya cika salla. To kada a je a yi mako guda a otal ana ta raka'a biyu da sunan tafiya. Kuma in da hali a tsara Juma'a ta same ku cikin birni. Mutanen can galibi Shafi'awa ne, za ka ga ɗan bambanci a salla, kada ya dame ka. A kuma duba kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin azumi.

Ummu Hanan, Talatar Mafara:
Abu ɗaya da ban ga an faɗa ba. In ejan ya ce zai canza muku otal zuwa gabas, wajen Paje ko Jambiyani, don ya fi arha, ku san cewa teku a can janyewa take yi sau biyu a rana, ta yi nisa ƙwarai, wurin ya koma kamar fadamar Argungu bayan ruwa ya sauka. Lokacin ne matan ƙauyen ke shiga suna aikin ciyawar teku da suke nomawa. Abin kallo ne, ni ya burge ni, kuma wurin ya fi shiru. Amma mai son shiga ruwa duk lokacin da ya ga dama, Nungwi da maƙwabciyarta Kendwa sun fi, can janyewar ba ta da yawa. In uwargida barci da shiru take so, gabas za ta fi mata. In kwanakin kaɗan ne, ku tsaya a arewa, kada rabin wunin ya tafi kuna jiran ruwa ya dawo.

Ɗan Argungu:
Ashe dai fadama za a je gani. Na faɗa muku tun farko.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na miƙa mata wayar ta karanta da kanta. Ta ce a gaida Hajiya Babba, wai ke kaɗai kika fahimce ta. Mun tsaya a kan dare bakwai: biyu a birni, biyar a Nungwi, a cikin Yuli in sun yarda sun ɗaga mata hutun. Da kwana huɗun hanya sha ɗaya ke nan, saura uku ta huta a gida kafin ta koma aiki. Ƙanwarta za ta je Jega ta taya Hajiya riƙon yaran. Ni har yanzu ina ganin biyar ɗin nan sun yi mini yawa, amma ta ce in tafi da littafin lissafina in yi ta dubawa a ƙarƙashin kwakwa.

Tambaya ta ƙarshe ga Injiniya: fasfona zai ƙare a watan Nuwamba, nata kuma sabo ne. Zai yi?

Injiniya:
Ba zai yi ba, Alhaji. Ana so ya rage aƙalla wata shida daga ranar da za ka shiga ƙasar, daga Yuli zuwa Nuwamba kuwa huɗu ne. Sabunta shi tukuna, sannan ku nemi biza da sabuwar lambar, don in ka nema da tsohon aiki zai zama biyu. Ka fara a makon nan in kana son Yuli ta yiwu.