Wai likitan ƙwaƙwalwa na iya tona asirin marar lafiya?

Ɗan Gusau: Salam jama'a, don Allah masu ilimi ku warware mani. Ƙanena na ganin likitan ƙwaƙwalwa, ashe ya hwaɗa mashi wai sai ya sari mijin ƙanwarmu da adda, har lokacin da yake dawowa daga kasuwa ya hwaɗi. Sai likitan ya kira ni da Baba ya sanar da mu, ya ce a ɓoye addar kuma zai ba shi gado. Yanzu yaron ya yi hushi wai an ci amanarshi. Likita na da hurumin yin haka kuwa?

Ƴar Argungu: Yana da shi yayana. Riƙe sirri wajibi ne, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a fitar da bayanin majinyaci, amma ita ma ta yi togaciya, kamar in kotu ta umarta ko in shirun zai zama babbar barazana ga jama'a. Naku kuwa ya ambaci mutum, ya ambaci makami, har da lokaci, to mi ya rage? Haka anka yi a Amurka a 1969, wani ɗalibi a Kalifoniya ya gaya ma mai duba shi zai kashe wata yarinya Tatiana Tarasoff, ƴan sandan jami'a sunka tsare shi sunka sake shi, ba wanda ya gaya ma ita ko iyayenta, kuma ya kashe ta. A 1976 kotun ƙolin jihar ta ce dole mai magani ya ɗau matakin kare wanda ake ma barazana.

Abu Kaura: Ni dai wallahi tsorona shi ne in kowa ya ji likita na kai rahoto wa zai ƙara buɗe cikinshi? Ga mutanenmu da baki, gobe a ce gidan su wane akwai mahaukaci, aure ma ya gagari yaro.

Ƴar Argungu: Maganarka na kan hanya malam, shi ya sa ba don mutum ya ce raina ya ɓaci kamar in kashe wane ake kiran dangi ba, kuma akasarin masu wannan lalura ba su cutar da kowa. Ka lura bai zazzage masu duk hirar ba, iya abin da zai tsare rai ya hwaɗa. Ɗan Gusau ku lallashe shi ya koma, kada ya bar shan magani, surukin naku kuma ya ɗan kauce ma gidan tukuna.