Shari'ar DJI a Amurka: ko za ta shafi mai ɗaukar bidiyon biki a Kano?

Sani Mai Hoto:
Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, kuma na daɗe ina tara kuɗi domin sayen ƙaramin jirgi maras matuƙi na kamfanin DJI, saboda yanzu da wuya a ba ka aikin kamu ko ɗaurin aure ba a tambaye ka hoton sama ba. Sai dai labarin da nake ji cewa Amurka ta sa kamfanin a gaba ya sanyaya mini jiki. Shin akwai yiwuwar wata rana jirgin ya ƙi tashi saboda hukuncin wata kotu a can? Kuma ya dace in biya kuɗin tsarin kariya na shekara-shekara, wato na gyara ko sauya jirgin idan ya lalace, da dillalin yake ta kwaɗaita mini?

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ka kwantar da hankalinka, amma ba duka ba. A watan Oktoban 2022 ne Ma'aikatar Tsaron Amurka ta sa DJI cikin jerin kamfanonin da take zargin suna da alaƙa da rundunar sojin Sin, shi kuma kamfanin, wanda hedkwatarsa take birnin Shenzhen na ƙasar Sin, ya musanta, har ya kai ƙara kotun tarayya a Washington a Oktoban 2024. A Satumban 2025 alƙali Paul Friedman ya ƙi umartar a cire sunan kamfanin daga jerin. Bayan haka, a Disamban 2025, hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta daina ba sababbin samfuran jiragen da aka ƙera a waje izinin shiga kasuwar Amurka, amma waɗanda suke hannun mutane ba a hana su tashi ba. Idan na Ba'amurke bai tsaya ba, ban ga abin da zai tsayar da naka a Kano ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda jirgin yake rataye a wuyan manhaja. Manhajar DJI Fly, wadda ake sarrafa jirgin da ita, ba ta cikin rumbun Google Play, idan wayarka Android ce sai dai ka sauke ta daga shafin kamfanin. Kuma a Janairun 2025, da sabunta manhaja kawai kamfanin ya cire shingen da yake hana jiragensa shiga wuraren da aka haramta a Amurka, ya mayar da shi gargaɗi. Wanda ya iya cire shinge daga nesa, ai zai iya kafa shi daga nesa.

Barista Hadiza:
Malam Sani, zan tsaya a kan tambayarka ta biyu. Kafin ka ba da ko kwabo, ka sa dillalin ya nuna maka a rubuce cewa tsarin yana aiki a Najeriya, domin irin wannan kariya tana ɗaure ne da yankin da aka sayi jirgin, kuma kayan da ke kasuwanninmu ta hanyoyi dabam-dabam suke shigowa. Sannan ka duba ko kuɗin yana sabunta kansa idan shekara ta cika. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta maka kamfanin Amazon a kotu a 2023 bisa zargin jefa mutane cikin rajistar tsarinsa na biyan kuɗi mai suna Prime ba da saninsu ba da kuma wahalar da masu son fita, aka ƙare da sulhu na dala biliyan 2.5 a Satumban 2025. Ni kaina na taɓa yin rajista da wani shafin ajiyar hotuna, na yi wata huɗu ina neman inda zan danna in fita, kuɗi na ta zarewa, har sai da na sa aka rufe katin.

Auwalu Kurna:
Ranku ya daɗe, duk kun tafi Washington kun bar Abuja a baya. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta bayyana cewa ba a tashin irin wannan jirgi a Najeriya sai da izininta da kuma amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Shekara uku ina wannan aiki. Na taɓa ɗaga jirgi ana tsakiyar ɗaukar amarya, wani jami'in tsaro ya dafa kafaɗata ya ce in sauke in nuna takarda, motoci suka wuce ban ɗauki komai ba, uwar amarya kuwa ta zaftare rabin kuɗina. Ka fara da takardu, Sani, kuma ka sayi batir na biyu, don guda ɗaya ba ya kai ka ƙarshen ɗaurin aure.

Sani Mai Hoto:
Allah ya saka muku da alheri. Gobe zan koma wurin dillalin da tambayar Barista. Yaya Auwalu, don Allah da wace takarda ka fara nema?