Wa ya taɓa sayen fanon sola da batiri a Katako ko Babbar Kasuwa? Ku ba mu labari kafin zafi ya shigo

Mai ɗinki, Banifandou

Salamu alaikum ƴan uwa. Ga sanyi ya fara ja da baya, kowa ya san abin da ke jiranmu daga Maris zuwa Mayu, zafi ga delestaj, wato ɗauke wuta. Bana kam na ce sai na sa sola a gida ko da ƙarami ne, fanka biyu, anful uku, tele da sarjin wayoyi, in da hali har keken ɗinkina na kuran. Na leƙa kasuwar Katako na leƙa Babbar Kasuwa nan Yamai, wallahi kaina ya ɗau zafi, batiri iri ɗaya rubutu ɗaya 100Ah, wato yawan wutar da yake ɗauka, amma wannan ya ce jikka sittin wancan ya ce ɗari da goma, kowa kuma na rantsuwa nashi ne orijinal. Don Allah wanda ya taɓa saye ya faɗa mana yadda ta kasance da shi, abin da ya saya, ya daɗe ko bai daɗe ba. Ba talla nake so ba, labarin gaskiya nake so.

Malamin lakkal, Talladje

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni na sa nawa a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana layin kuran a watan Agusta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kin san kafin nan wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take zuwa ta layin Birnin Kebbi, to a lokacin duk wanda ke da ɗan abin hannu kasuwa ya nufa, farashi kuma ya hau sama kamar ba gobe. An maido layin a Maris 2024, ga kuma santiral ɗin sola na Gorou Banda mai megawat 30 da ya fara aiki, amma ni ban cire nawa ba don da zafi ya yi tsanani kowa ya kunna kilim, na'urar sanyaya ɗaki, sai kin ga wuta na wasa.

Abin da wanda ya haɗa min ya koya min shi ne kar a fara da tambayar kuɗi, a fara da lissafi. Bari in yi miki da kayanki. Fanka ta 12 bolt tana cin wajen wat 20, biyu kenan 40, in sun kwana suna juyawa awa 8, wat sau awa, ya zama 320. Anful uku na wat 7 awa 5, 105. Tele a ce wat 50 awa 4, 200. Wayoyi a sa 30. Duka kin tashi wajen 650. To batirin 100Ah na 12 bolt abin da ke cikinshi 100 sau 12, 1200 ne, amma in mai darma ne, na jel ko mai ruwa, ba a cinye fiye da rabi, in kina kwashe shi har ƙasa kullum ba zai ga zafi na biyu ba. Kenan 600 kike da shi, kin ga kin ɗan wuce iyaka tun ba a sa keke ba. Ni 150Ah na ɗauka da fano biyu na wat 150, kuma har yau yana kai ni asuba, sai dai na lura bana ya fara gajiya da wuri.

Uwar gida, Boukoki

Ni dai ban kai ga fano ba tukuna, fanka mai sarji na saya, irin wadda ke da fitila a jiki da wurin sa waya. Watannin farko lafiya lau, tana kai mu har kiran sallar farko in an sa ta a lamba ɗaya. Daga baya sai ta koma awa biyu, sai awa ɗaya, sai ta zama in an ɗauke wuta ita ma ta ɗauke. Har na ce a jefar, yaron maƙwabta mai gyaran rediyo ya buɗe bayanta ya nuna min ɗan batiri baƙi mai kusurwa huɗu, ya ce shi kaɗai ya mutu, ana sayar da shi daban a Katako. Ya sayo ya sa, fanka ta dawo sabuwa. Don haka masu irinta kar ku yi saurin zubarwa. Amma fa iskarta ta mutum ɗaya ce, mu da yara huɗu a tabarma ɗaya a tsakar gida kullum sai an yi rigima wa za ta kalla.

Ɗan Tahoua

Barkanku mutanen Yamai. Mu nan Tahoua mun riga ku shiga wagga harka, don ƙauyukanmu na Adar da yawa ba su san wata wuta ba sai ta fano, kuɗɗin ƴan bida da ke Abijan da Libiya shi ka sayen su. Ran Lahadi in ka shiga kasuwa za ka ishe su jingine ga bango jere, manya da ƙanana, wasu daga Konni anka kawo su. Kuma ga babban gidan wutar sola na Malbaza nan kusa da mu mai megawat 7 tun 2018.

Abin da ni na gani da idona shi ne ƙura. Mun sa ma tsohuwarmu fano bisa ɗaki, wata biyu shina aiki lahiya, da hunturu ya shigo sai ta aiko wai batiri ya lalace. Da na tahi na hau bisa na ishe fanon ya yi ja wur, ƙura ta kwanta bisa nai har kana iya rubuta sunanka da yatsa, ga kashin tantabaru. Munka wanke da ruwa da tsumma mai laushi, washegari kamin azahar batiri ya cika. Tun daga ranan nan munka sa ma wani yaro aikin, duk Juma'a da sahe ya hau ya goge tun rana ba ta yi zahi ba, don in gilashin ya ɗau zahi ba a zuba mai ruwan sanyi. In za ki sa naki Hajiya ki sa shi inda tsani ka kaiwa, kar a kai shi can ƙololuwa inda ba mai hawa. Kuma a ɗaure shi da ƙarhe sosai, iskan farkon damina ya sha ɗauke na mutane ya kai gidan maƙwabta.

Direban taksi, Lazaret

Hhhh ni batirin mota na sa, tsohon na taksina da na canza. Fanka ɗaya da anful ɗaya, ya yi min wata uku ya ce ga garinku. Daman kyauta ne ban yi asara ba.

Elektirisiyan, Wadata

Direba ai ka ma ci riba, batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi lokaci ɗaya ya tada inji, ba don a tsotse shi dare guda ba.

Hajiya wannan aikina ne, gidajen da na shiga gyara ba su ƙirguwa, kuma yawanci ba fano ke ba mutane matsala ba, batiri ne da fil, wato wayar wuta. Maganar jikka sittin da ɗari da goma da kika yi, ga yadda nake yi in na raka mutum kasuwa. Na farko a ɗaga batirin. Na jel mai 100Ah na gaske yana kai kilo 28 zuwa 30, darma ce a ciki, darma kuwa nauyi gare ta. In kika ga yaron shago ya ɗauko shi da hannu ɗaya yana murmushi to ki san rubutun jikin kwali ne kawai. Ni har sikeli nake sa a ɗora, masu sayar da siminti da ƙarfe na nan kusa, ba wanda zai hana ka aro. Amma nauyin ma ba shi kaɗai ba ne, na taɓa fasa wani da ya mutu cikin wata biyu na tarar an cika ƙasanshi da wani abu mai nauyi da ba darma ba, shi ya sa na biyu sai a duba ranar da aka ƙera shi, batirin da ya shekara zaune cikin zafin shagon kwano ba a sarji ya riga ya fara mutuwa tun bai bar kasuwa ba. A sa mita a gani, in ya cika ya kamata ya nuna 12.7 ko kusa, in kika ga 12 cif ko ƙasa ki bar musu abinsu.

Fano kuma a fito da shi rana, ba a gwada shi cikin inuwar rumfa. Na 12 bolt in ba a haɗa shi da komai ba mita na nuna wajen 20 zuwa 22, amma wannan ko ƙaramin fano zai nuna, abin dubawa shi ne amper, wato yawan wutar da yake turowa, a kwatanta da abin da aka rubuta a takardar baya. Ki kuma dubi girmanshi, fano wat 300 ba zai zo da girman tiren shayi ba ko me aka manna masa. In an zo sawa ya kalli kudu, a ɗan kishingiɗe kamar digiri 15, a bar fili a ƙarƙashi iska na wucewa don in ya manne da kwano zafi na rage masa ƙarfi.

Sai regilater, na'urar da ke daidaita sarji tsakanin fano da batiri, kar a yarda a haɗa fano kai tsaye da batiri wai don a rage kuɗi, zai dafa shi. Iri biyu ne, akwai PWM mai araha akwai MPPT mai tsada da ke tatso wuta fiye, ga ƙaramin haɗi irin naki PWM mai kyau ya isa. Fil kuma a sa mai kauri na jan ƙarfe na gaske, akwai wani da ke yawo a kasuwa sama ja ciki fari, alminiyom ne aka shafa masa launi, ki kankare da wuƙa za ki gani. Kuma batiri ba a ajiye shi a ɗakin girki ko inda rana ke bugu, zafin Yamai kaɗai ya ishe shi.

Ɗaliba, Harobanda

Tonton to lityom fa? Mu a gidanmu yayana ya aiko kuɗi aka sayi irin akwatin nan da komai ke ciki, batirin lityom da konbertiser mai maida wutar batiri irin ta gida da wurin sa USB, fano kawai ake jona masa. Ba nauyi, ina ɗaukarshi in kai ɗaki in yi karatu in dawo da shi falo, shekara biyu kenan ban ga ya canza ba. Ni a ganina da a sayi jel sau biyu gara a daure a sayi wannan sau ɗaya.

Elektirisiyan, Wadata

Ƙanwata gaskiyarki, lityom na gaske wanda aka rubuta LiFePO4 ana iya cin kashi 80 ko fiye na cikinshi kuma yana jure sarji sau dubbai, jel ɗaruruwa ne. Matsalar kuɗin farko ne, sannan shi ba a gane na ƙarya da ɗagawa tunda dama ba shi da nauyi, akwai waɗanda ake haɗawa da tsofaffin sel a rufe cikin akwati mai kyalli. In za a saye shi sai wurin mai shago tsayayye da zai rubuta garanti a faktir, takardar ciniki, da tambarinshi.

Ɗan kasuwa, Babbar Kasuwa

To ku bari mu ma mu ce wani abu tunda duk an taru a kanmu. Ni ina sayar da kayan nan kuma ba zan ce duk ƴan kasuwa waliyyai ne ba, amma Allah ya sani mutum zai zo ka nuna masa mai kyau ka faɗi kuɗi ya ce kai Alhaji ka cika tsada, ya wuce layi na gaba ya sayi mai rabin kuɗin, bayan wata huɗu ya dawo wurinka yana zagin ƴan kasuwa gaba ɗaya. Kaya kala uku muke kawowa saboda aljihu kala uku ne, in ka tambaye ni tsakani da Allah wanne ne na farko zan faɗa maka. Wani kuma ka sayar masa da haɗin fanka da fitila, ya je gida madam ta jona firigo da dutsen guga, guga kaɗai ya fi wat 1000, konbertiser ya ƙone ya kwaso ya kawo maka wai garanti. Shawarata Hajiya ki zo da mai haɗa miki, shi ya zaɓa a gabanki, kuma ki zo yanzu, in Afrilu ya shiga mu kanmu a wurin masu kawo mana kuɗin ya tashi. Ciniki kuma a yi shi, ba wanda ya ce kuɗin farko shi ne na ƙarshe.

Mai sayar da ƙanƙara, Koira Tegui

Alhaji ka taɓo inda ke min ciwo da maganar firigo. Ni sana'ata kenan, ƙanƙara da bisap da lemun tsamiya, da azumi layi ake yi a ƙofata. Aka haɗa min sola aka ce zai ɗau kongilater, firigon yin ƙanƙara, da rana lafiya, da dare in injin ya zo tashi sai konbertiser ya yi ƙara ya mutu, ashe wurin tashi yana jan ninkin abin da yake ci sau da yawa, wanda ya haɗa bai sa wannan a lissafi ba, da na kira shi kuma waya ta daina shiga. Yanzu dabarar da nake yi in kunna shi tun hantsi har la'asar, in rufe da bargo da buhu, ba na buɗewa sai lokacin sayarwa, dare kuma batiri na fanka ne kawai. Haka nake lallaɓawa har in tara na kongilater mai 12 bolt.

Mai ɗinki, Banifandou

Kai madalla, Allah ya saka muku da alheri duka, na kwafe lissafin Malam a littafin awo na. Guga daman na gawayi nake yi don haka Alhaji ka kwantar da hankalinka. Saura maganar keke, na duba jikin injinshi an rubuta wat 100, ƙaramin ne ba irin na masu sirfa ba, kuma da rana nake ɗinki ba da dare ba. Mai wuta, in na ɗau 150Ah da fano biyu kamar na Malam zai ja shi ko sai na ƙara?

Elektirisiyan, Wadata

Zai ja, tunda da rana ne fano ke ciyar da shi kai tsaye, kuma ba a taka keke awa guda ba tsayawa. Ki dai sa konbertiser ya zama wat 500 ko sama kuma irin da ake kira sinis fir, mai ba da wuta daidai da ta gida, ɗayan irin mai araha yana sa injin keke gurnani da zafi. In kin tashi zuwa ki ɗau hoton takardar bayan tele da ta jikin keken ki taho da su.