Ƙanena ya rasu yana cikin horon ikilisiya: ceton nasa ya tafi ke nan?

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanena ya karɓi Yesu tun yana sakandare, aka yi masa baftisma, shi ne ma mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Bara ya yi wa wata yarinya ciki ba aure. Dattawa suka sa shi a horo: zama a bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, ba waƙa. Bai gudu ba. Duk Lahadi zai zo ya zauna can baya, kansa a sunkuye, in an tashi ya fice kafin a fara gaisawa. An ma soma maganar aurensu. Kafin a ɗage horon ya yi hatsarin babur, Allah ya yi masa rasuwa. A wurin gaisuwa wata ta faɗa a kan kunnen Mama cewa ya mutu a bayan garke. Tun ranar Mama ba ta cin abincin kirki, ta daina zuwa zumuntar mata, kullum tambayarta ɗaya: yana ina? Me zan gaya mata? Ba na son in yi mata ƙarya don hankalinta ya kwanta.

Maman Tagwaye: Wayyo. Allah ya ta'azantar da ku. Ita kuma mai wannan magana, Allah ya shirye ta, gidan makoki ba wurin yanke hukunci ba ne.

Baba Dattijo: 'Yata, sannu da haƙuri. Na daɗe cikin majalisar dattawa, hannuna ya sa mutane da dama a horo, don haka ki saurare ni. Horo ba ya cire sunan kowa daga littafin rai, littafin ba ya hannunmu. Buɗe 1 Korantiyawa sura 5. Mutumin can laifinsa ya fi na ƙanenki muni, matar ubansa ya ɗauka. Bulus ya ce a fitar da shi, amma duba dalilin da ya bayar a aya ta 5: domin ruhunsa ya tsira a ranar Ubangiji. Ashe don ceto ake horon. A 2 Korantiyawa 2:6-8 kuma ya ce wa ikilisiya hukuncin da aka yi wa mai laifi ya isa, su yafe masa, su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Watannin da muke ɗibar wa mutum mu muka tsara su, domin mu ba ma ganin zuciya, sai mun sa ido. Allah ba ya jiran taron majalisa kafin ya gafarta. 1 Yohanna 1:9 ta ce in muka furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta. Yaron da ya iya daure kunyar bencin baya mako bayan mako, alhali da sauƙi ya koma wata majami'a inda ba a san shi ba, ni dai tuba na gani a nan.

Ɗan'uwa daga Jalingo: Baba, da girmamawa, amma kada mu sauƙaƙa zunubi. Ibraniyawa 6:4-6 da 10:26-27 suna nan. Ana iya rasa ceto. Wannan koyarwar "in ka samu ka samu har abada" ita ke lalata matasanmu.

Ɗalibin tauhidi: Ɗan'uwa, wannan gardama ta girme mu duka. A 1610 almajiran wani malamin tauhidi mai suna Arminiyus a ƙasar Holan suka rubuta ƙorafinsu, suka ce batun ko mai bi na iya faɗuwa yana buƙatar ƙarin bincike. Taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Dort daga 1618 zuwa 1619 ya mayar musu da amsa bisa koyarwar Kalbin, ɗaya daga cikin manyan malaman Furotesta: wanda Allah ya ceta da gaske, Allah zai riƙe shi har ƙarshe. Hujjar masu bin wannan koyarwa Yohanna 10:28-29, ba mai fizge tumakin daga hannun Yesu, da Romawa 8:38-39, da Filibiyawa 1:6. Wanda ya fita bai dawo ba, sai su ce dama can ba na ciki ba ne, kamar yadda 1 Yohanna 2:19 ta faɗa. Daga baya John Wesley, uban ɗariƙar Metodis, ya tsaya a kan cewa mutum na iya watsar da bangaskiyarsa ya hallaka.

Amma ga abin da nake so Yaya ta lura da shi. Ko a wajen masu cewa ana rasa ceto, maganar ta wanda ya juya wa Almasihu baya ne ya zauna a haka, ba ta wanda ya faɗi ya tashi yana kuka ba. Yawancin masana sun fahimci cewa wasiƙar Ibraniyawa an rubuta ta ne ga mutanen da tsanani ke neman sa su bar Almasihu ɗungum. Ƙanenki bai bar shi ba. Saboda haka ko ki bi Kalbin ko ki bi Wesley, a kan wannan yaro hanyar ɗaya take ɓullewa. Kuma su mutanen Dort ba su taɓa cewa a yi ta zunubi ba komai ba. Sun kawo misalin Dawuda da Bitrus, cewa mai bi kan yi mummunar faɗuwa, Allah ya sake jawo shi ga tuba.

Ɗan'uwa daga Jalingo: To, in dai ya tuba ba ni da ja. Amma wa ya tabbatar?

Baba Dattijo: Wa ya tabbatar da naka, ɗana? Abin da ya fito fili muke gani, kuma abin da ya fito fili a kan yaron nan alamar alheri ce.

Katikis: Ni ɗan Katolika ne, bari in sa baki. Mu muna koyar da cewa babban zunubi, wanda aka yi da sani da ganganci, yana raba mutum da alherin Allah, sai ya je ya furta wa Fada. Duk da haka koyarwarmu ta ce wanda ya yi nadama ta gaskiya saboda ƙaunar Allah, da niyyar zuwa ya furta, an gafarta masa ko da mutuwa ta riga shi. Ikilisiyarmu ta sha bayyana cewa wane waliyyi ne, amma ba ta taɓa kama sunan wani ta ce tabbas yana wuta ba. Tun zamanin da ma an yi irin wannan gardama a kan karɓar masu tuba. Bayan tsanantawar da Desiyus, Sarkin Roma, ya yi wa Kirista a shekarar 250, wani mai suna Nobatiyan ya ce waɗanda suka yi hadaya ga gumaka don tsoro ba za a sake karɓarsu ba. Bishop Sifiriyan na Kartej da Korneliyus na Roma suka ƙi, aka buɗe wa masu tuba ƙofa.

Maman Tagwaye: Malamai sun yi nasu, ga tawa ta mata. Kada ki kwashe wa Mama sunayen Turawan nan, ba su take nema ba. Ki je wurin fasto da dattawan da suka sa horon, ki roƙe su su zo gida da kansu, su faɗa mata da bakinsu abin da Baba ya faɗa. Daga wurinsu ciwon ya fito, maganarsu za ta fi taki shiga. Ki karanta mata Luka 15, inda uban ya hango ɗan tun yana nesa ya sheƙa da gudu, yaron bai ma gama jawabin da ya shirya ba. Sannan yarinyar nan fa? Ba wanda ya tambaya. Jikan Mama ne a wurinta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ta haihu, namiji, tana gidan iyayenta, Mama ba ta je ba tukuna. Baba, in na je wurin fasto, ni kaɗai zan tafi ko in nemi kawunmu ya raka ni?

Baba Dattijo: Tafi da kawunku. Ku same shi a gida ranar da ba sujada, ku gaya masa har da maganar da matar nan ta yi, ba sai kun kama sunanta ba.