Zare guda nawa zan saya? Takardar jikin zaren nan ta rikita ni

Maman 'yan biyu:
Salam 'yan uwa masu saƙa, dan Allah a taimaka min. Rigar sanyi nake so in saƙa wa ɗiyata kafin Disamba don Jos za mu je hutu, samfurin da na samu a intanet ya ce zare huɗu mai giram 50, kowanne mita 125. To wanda na gani a kasuwar Balogun giram 100 ne, an rubuta 280m, ga wasu lambobi da zane-zane barkatai a jikin takardar, mai shagon kuma cewa ya yi in ɗauki biyar kawai. Nawa zan saya? Daga Agege nake, ba na son in sake shan gosulo saboda zare ɗaya.

Hajiyar Idi-Araba:
Wa alaikis salam. 'Yata ki bar ƙirga dunƙule, mita za ki ƙirga. Huɗu sau 125 mita 500 kenan, naki biyu sun ba ki 560, kin ga har da ragowa. Biyar ɗin nan ciniki yake nema kawai. Amma fa sai kaurin zaren ya zo ɗaya da na samfurin, ki duba ko an rubuta DK, wato sunan ajin kaurin zare, ko lamba 3 a cikin ɗan hoton zare, wannan shi ne mai tafiya da kibiya 4mm. In lamba 4 ce ya fi kauri, lissafin ya tashi.

Sai ɗan murabba'in nan mai 10cm, yawanci a DK za ki ga 22 a kwance 30 a tsaye, wato ido 22 da layi 30 su ke cika santimita 10. Ki saƙa ɗan gwaji ki ɗora tef ɗin tela a kai, in idanunki sun haura 22 hannunki na matsewa ne, ki ƙara girman kibiya, in ba haka ba rigar ta fito ta 'yar tsana.

Anti mai kwarashi:
Hajiya ta gama magana amma ni dai uku zan ce. Mita 60 ba wata ragowa ba ce in kika cire gwaji da wuya da bakin hannu, yara kuma kullum sai an ƙara musu tsawo. Abin da ya fi damuna ma shi ne lambar da ke kusa da Lot ko Dye lot, ita ce lambar tukunyar rinin, daban take da lambar kala. Na taɓa saƙa bargon jarirai ruwan toka zare ya ƙare min saura kaɗan, na koma na sayo kala ɗaya sak, a shago ba ki ganin komai, ina fito da shi rana sai ga layi ɓaro-ɓaro inda sabon ya fara, wlh kamar an yi faci. Ki juya kowane dunƙule ki ga lambar ta zo ɗaya kafin ki biya.

Kuma in yd aka rubuta yadi ne, yadi 100 wajen mita 91 ne.

Maman 'yan biyu:
Allah ya saka da alheri. To irin wanda ake sayarwa ba takarda fa? Ina da wasu a gida.

Hajiyar Idi-Araba:
Sikelin kicin mai lamba. Warware mita 20 ba tare da kin yanke ba ki auna, in ya ba ki giram 7 to giram 100 zai kai wajen mita 285. Bargo ma haka nake yi, in saƙa santimita 10 da 10 in auna, misali giram 6, bargo mai 70 da 90 irinsa 63 ne a ciki, giram 378, sai in sayi huɗu masu giram 100.

Ki kuma karanta kayan da aka yi shi da shi. Auduga ta fi akirilik nauyi, ko da giram ɗinsu ya zo ɗaya mitarta ba ta kai ba, sai dai ita ce daidai da zafin Legas. Na Jos akirilik ya yi, kar dai ki bari dutsen guga ya taɓa shi, narkewa yake ya yi ƙyalli. Ɗan bahon nan mai 30 ko 40 a ciki zafin ruwan wanki ne.

Anti mai kwarashi:
In kin je ki roƙi mai shagon ya yarda ki mayar da na ukun in ba ki buɗe ba, wasu na yarda. In ya ƙi ki yi mata hula da safa da shi, sanyin Jos zai ci su.