Dan Allah me ake nufi da GOAT, sick da no cap a Turancin yanzu?

Mai Neman Sani:
Salam 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu Turancin gidan nan. Ina karanta jarida da Turanci ina ganewa lafiya lau, amma da na leƙa kwament a TikTok ko X sai in ga kamar wani yare daban ake yi. A sa hoton Messi a rubuta "the GOAT", to ai goat akuya ce, kuma masoyansa ne ke rubutawa. Wani ya ci ƙwallo mai kyau a ce "that was sick", alhali sick rashin lafiya ne. Ga "no cap", ga "rizz", ga "he ghosted me". Dan Allah a warware min, kuma in na koya ba laifi in riƙa yi da mutane?

Ɗan Ƙwallo:
Wslm 'yar uwa. GOAT ba zagi ba ne, haruffan farko ne na greatest of all time, wato wanda ba a taɓa yin kamarsa ba a fagensa. Da Muhammad Ali ake danganta shi, shi ne ya riƙa kiran kansa "the greatest", har a 1992 matarsa Lonnie ta yi rajistar kamfani da sunan G.O.A.T. Abin mamaki kafin nan a wasannin Amurka in aka ce ɗan wasa goat ne to shi ya ja aka ci su. Yanzu ko hoton akuyar nan na waya kawai aka sa an gama yabo. Sick kuma ki duba inda ya faɗo, in mutum na kwance ne ciwo ne, in ƙwallo ce ko mota ko waƙa to cewa ake abin ya haɗu. Haka "wicked", haka "you killed it", duk yabo ne.

Anti Malama:
Ƙanwata bari in ƙarasa miki sauran. Cap ƙarya ce, no cap kuma "ba wasa nake ba, gaskiya ce tsagwaronta". Daga bakin baƙaƙen fatar Amurka ya fito, mawaƙan rap na Atlanta suka yaɗa shi, kuma gaskiya yawancin abin da ake cewa yaren TikTok nasu ne, sun daɗe suna yi kafin intanet ta ɗauka, abin na damuna yadda ba a faɗin haka. Rizz iya zance ne, wanda ya iya tsara mace ko namiji har a so shi, masu ƙamus ɗin Oxford ma shi suka zaɓa kalmar shekarar 2023. Ghosting shi ne kuna hira da mutum kullum rana ɗaya ya ɗauke ƙafa, ba kira ba amsa saƙo ba bayani, kina ganin ya karanta ya yi shiru. Za ki ci karo da "sus" ma, abin da ba a yarda da shi ba, wasan bidiyon nan Among Us ne ya fito da shi sosai a 2020.

Baƙon Landan:
Ni tambayarki ta ƙarshe zan taɓa don ita ce mai muhimmanci. Ki koya don ki gane, amma ki yi a hankali kafin ki faɗa, saboda Turancin Ingila da na Amurka ba ɗaya ba ne a nan. "Pissed" a Amurka fushi ne, a Ingila wanda ya bugu da giya ne, kin ga in kika faɗa wa wanda bai dace ba an samu matsala. A Ingila mai kanti zai ce miki "you alright?", ba wai ya ga alamar ciwo a jikinki ba ne gaisuwa ce kawai, ki ce "yeah, you?" ki wuce. "Cheers" na gode ne, "quid" fam ne kamar yadda "buck" yake dala. Kar ki sa irin waɗannan kalmomin a imel ɗin aiki ko takardar neman makaranta. Urban Dictionary, shafin intanet na ma'anar irin waɗannan kalmomin, yana taimakawa, tun 1999 yake, sai dai kowa ke rubutawa a ciki, ki karanta bayani biyu uku kafin ki yarda.

Mai Neman Sani:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru wallahi. Amma Anti wannan ba ɓata harshe ba ne kuwa?

Anti Malama:
Ni ban ɗauke shi ɓatawa ba. OK ɗin da kowa ke faɗa yau da wasa ya fara, wata jarida a birnin Boston na Amurka ta buga shi a 1839 a matsayin taƙaita "oll korrect", wato all correct, da gangan aka karkata rubutun. OMG kuwa, wato oh my God, an same shi a wasiƙar da Lord Fisher, tsohon shugaban sojan ruwan Birtaniya, ya rubuta wa ɗan siyasar ƙasar Winston Churchill tun 1917. Wasu kalmomin suna zama, da yawa kuma shekara biyu sun tsufa, shi ya sa in kika ga sabuwa ki fara duba su waye ke faɗinta da kuma wa suke faɗa wa kafin ki ɗauka.